Semek da Bango Mai Ruwan Ɗorawa

Semek 'yar Jusoh ba matsoraciya ba ce, duk wanda ya zauna a ƙauyen Rhu Tunggal zai shaida haka. Ita ce ta kashe gamsheƙa da taɓarya a ƙarƙashin gidanta, kuma ita ta wanke gawar matar nan da teku ta dawo da ita bayan kwana huɗu, ranar da sauran mata suka toshe hanci kowace ta tuna tana da uzuri. Shekara talatin ta yi tana kwaɓa kifi da garin sago mai kama da na rogo, tana murza shi ya zama abincin da ake ce wa keropok, tana dafawa a ƙatuwar tukunya, ba ta taɓa neman wani ya sauke mata ba. Abu ɗaya ne tak yake ba ta tsoro, shi ne launin ruwan ɗorawa.

Ba kowane abu mai launin ba. Ayaba tana ci, shinkafar biki mai gangamau ma tana ci har ta nemi ƙari, in aka tsokane ta sai ta ce abinci hanyarsa daban. Amma zane, laima, labule, fenti, duk abin da mutum zai ɗaura ko ya ƙawata gida da shi, wannan na gidan sarauta ne, talaka ba ya taɓawa. Wanda ya taɓa, tulah za ta kama shi, wato alhakin sarauta. Tsofaffinmu duka sun san da wannan. Sai dai su ji suka yi, ita kuwa gani ta yi.

Tana da shekara tara aka ba mahaifinta aikin fentin jirgin ruwan wani ɗan gidan sarauta. Jusoh gwani ne, ya gama aiki aka yaba, sai fenti ya rage kusan rabin gwangwani. Ya ga asara ce a zubar, ya zo da shi gida ya shafe ƙofar ɗakinsu. Uwarsa ta fito ta gani, ta dafe ƙirji.

"Jusoh, kai talaka ne ɗan talaka. Wa ya aike ka?"

"Haba Inna," in ji shi, "ƙofa ce fa, ba gadon sarauta ba."

Damina ba ta ƙare ba cikinsa ya fara kumbura. Ya kumbura har ya zama kamar randa, ƙafafu suka tsotse, farin idonsa ya rine ya koma launin ƙofar nan sak. Semek ce mai kai masa ruwa, saboda haka ita ta fi kowa kallon idon. Ranar da aka binne shi, uwarta ta ɓalle ƙofar ta ja ta har bakin kogi ta tura, suka shekara suna kwana da tabarma a madadin ƙofa. Yau likita zai ce hanta ce, wataƙila kuma gaskiyarsa. Amma a lokacin ba wanda ya gaya wa yarinyar haka, kuma ko an gaya mata ba na jin za ta saurara.

Haka ta girma. Da aka kawo kayan aurenta ta mayar da zane guda saboda an ratsa shi da zare mai launin. Mijinta Deraman, masunci mai son wasa, ya taɓa sayo mata bokiti ruwan ɗorawa don kawai ya ga yadda za ta yi, ya kuwa gani, don kwana biyu bai ci abinci mai zafi ba. Ta haifi 'ya'ya huɗu, uku suka koma tun suna cikin zanen goyo, Rokiah kaɗai ta tsaya. Da Deraman ya rasu sai ya zamana duk duniya Rokiah ce abin da take da shi, sai gidan katakon nan mai dirkoki goma sha biyu, wanda hayaƙin shekaru ya mayar da cikinsa baƙi ƙirin.

Rokiah ta auri Nordin, yaron kirki, mai aiki a wani shagon kayan gini a birni. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda yake. In ya zo gaisuwa sai ya gyara famfo, ya gyara rediyo, ya gyara abin da bai lalace ba. Da cikin Rokiah ya shiga wata tara, ya kawo ta gidan uwarta don ta haihu ta yi jego a nan, kamar yadda kowace mace take yi da cikin fari. A satin ne Semek ta tafi Besut taya ƙanwarta girkin biki. Kwana uku kacal ta yi.

Da ta dawo, Rokiah ta tare ta a kan matakala tana dariya, hannu ɗaya a ƙugu.

"Inna, rufe idonki. Kada ki buɗe sai na ce."

Tun kafin ta buɗe warin fenti ya gaya mata. Da ta buɗe, sai ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a gadon baya. Falo, ɗakin tsakiya inda maijego za ta kwanta, har jikin taga, duka ruwan ɗorawa, irin mai ɗaukar idon nan, mai sheƙi. Nordin yana tsaye a tsakiya da fenti a gashin kansa, yana washe baki yana jiran a sa masa albarka.

"Kin ga yadda gida ya yi haske, Inna? Shi ake yayi yanzu a birni. Ɗa na fari ai ba a haife shi a cikin duhu ba."

Ƙunshin kayan biki ya suɓuce daga hannunta. Ta nemi bango za ta dafa, ta tuna, ta janye hannun.

"Din," ta ce, muryarta can ƙasa, "me na yi maka?"

Fara'arsa ta ɗauke. Rokiah ce ta fara ganewa, ta ce, "Wai maganar ƙofar Kaka ce? Inna, don Allah. Motocin haya ma yanzu ruwan ɗorawa ne, kin ga cikin direba ya kumbura?"

"Na ga na Wahab direba," in ji Nordin, yana so ya mayar da abin wasa. "Amma shi shinkafa ce."

Semek ba ta yi dariya ba. Washegari ya koma birni wurin aiki, ita kuwa ta kwaɓa farar ƙasa ta shafa. Fentin mai ne, farar ƙasar ba ta kama ba, tana bushewa ta riƙa zubowa kamar garin shinkafa. Ta kwaso tsofaffin zannuwanta ta rataya a bango, Rokiah ta bi ta cire, ta ce ita ba za ta haihu a shagon gwanjo ba. Semek ta je wurin liman. Ya saurare ta da haƙuri, ya ce mata camfi ne, launi ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai da ikon Allah, shi ma sarkin bawa ne kamar kowa. Ta ce haka ne, Malam. Da gaske kuma ta yarda haka ne. Amma tana hango gidan daga nesa gabanta ya ci gaba da faɗuwa, ta gane cewa abin da kai ya yarda da shi daban, abin da ciki ya sani daban. Ta ɗauke tabarmarta ta koma kwana a madafa. Kowace safiya kafin ta gaishe da Rokiah sai ta fara leƙa idonta.

Bayan sati uku Rokiah ta haihu, namiji, lafiya lau, a hannun Lijah ungozoma. Aka rufe tagogi don kada iska ta shigi maijego, aka ajiye kaskon garwashi kusa da gadonta, aka kunna ƙwan lantarki. Kwana arba'in da huɗu uwa da ɗa ba za su sauka daga gidan ba. A wannan ƙa'idar ba wanda ya kai Semek tsanani. Ta sha tsayar da 'yan mata a hanya ta yi musu tatas saboda sun fito da jariri ƙafarsa ba ta isa taka ƙasa ba. Malamar asibiti ta zo a babur rana ta biyu, ta duba cibiya, ta ce komai daidai, sai wani satin.

Rana ta uku Semek tana yi wa yaron wanka a ɗakin, ta tsaya da soso a hannu.

"Yaron nan ya canza."

"Ya canza yaya?" in ji Rokiah daga kan gado.

"Fuskarsa. Dubi goshinsa."

Nordin ya ɗauki hutu yana gida. Ya matso ya duba, ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya san za a zo nan.

"Inna, dubi hannunki."

Ta duba. Ruwan ɗorawa.

"Dubi nawa. Dubi kyanwar can, fara ce fa tas, amma kalle ta. Bango ne yake haska mu duka. Ko madara kika kawo ɗakin nan sai ta zama kamar an fasa mata ƙwai."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ɗaure mata kai ke nan. Kyanwar ta rine, zanen gado ya rine, haƙoran Nordin ma sun rine. Lijah ungozoma da ta zo da yamma ta ce ai ruwan gangamau ne da maijego take sha, yana bi ta nono, zai wuce. Ta ƙara da cewa, "Ke dai Semek, tun muna yara launin nan yake hana ki barci. Kada ki ja wa jikanki da bakinki."

Wannan maganar ta rufe mata baki fiye da ta Nordin. A wurinmu abin tsoro ba a yawan ambatonsa a kan jariri. To in ta yi magana ta kira abin, in ta yi shiru ta bar shi ya ci yaron. Ta rasa wanne ne laifin da ya fi girma.

Rana ta huɗu yaron ya yi ta barci. A sa masa nono ya ja sau biyu ya saki. Rokiah har daɗi take ji, tana cewa Allah ya ba ta ɗa mai haƙuri, bai ɗauko rigimar kakarsa ba. Semek ta zauna a bakin ƙofa tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. 'Ya'ya uku ta binne, ta san barcin ƙoshi, ta san wanda ba shi ba. Ranar ba ta hura wutar keropok ba, masu saye suka zo suka koma. Duk inda ta juya bangon yana nan yana sheƙi, kuma a ranta ta gama yanke cewa abin da ya ɗauki ubanta ne ya dawo, wannan karon ya tsallake manya ya zaɓi wanda bai san komai ba.

Rana ta biyar da hantsi Nordin ya tafi kasuwa sayen awakin suna. Lijah ta ja Rokiah bayan gida wankan ganye. Semek ta rage ita da jariri. Sai ya yi wani kuka da ba ta taɓa jin ya yi ba, siriri, mai tsini, ya banƙare baya, sannan ya koma ya yi lakwas.

Ta ɗauke shi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon matakala. Tara ne, ta hau su ta sauka sau dubu nawa, amma ranar kowanne sai da ta yi bismilla kafin ta taka, don ta san abin da take karyawa. Da ta kai ƙasa ta wuce inuwar gidan, ta wuce inuwar kwakwa, ta tsaya a fili inda rana take. Ta duba hannunta, ya koma launinsa na kullum. Ta buɗe zanen.

Yaron bai koma ba. Goshi, ƙirji, ciki, har tafin ƙafa. Ta sa babban yatsa ta ɗaga fatar idonsa a hankali, ta ga idon Jusoh.

Ba ta yi ihu ba. Ba ta kuma koma ta kira Rokiah ba, don ta san za a ce mata bango ne, ko gangamau, ko bakinta. Ta rufe shi ta kama hanya ba takalmi. Kuma ba asibiti ta nufa ba, asibiti bai ko zo mata a rai ba. Ciwon da sarauta ta sa, sarauta ce take cirewa. Tun tana yarinya ta ji cewa maganin tulah shi ne ruwan da jinin sarauta ya wanke ƙafa a ciki, kuma ta sha jin uwarta tana kukan cewa da sun sami wanda zai kai su fada, da Jusoh bai mutu ba.

Jinin sarauta ɗaya ne a kusa. Tengku Embong, tattaɓa-kunnen ƙanin wani sarki na da, wadda ba ta gaji komai ba sai suna da dogon hanci. Tana da rumfa a bakin babban titi, tana sayar da shinkafar safe da miyar kifi a ganyen ayaba. Mutane suna ce mata Tengku, laƙabin 'yan sarauta, suna kuma yi mata ƙorafin miya ta yi kaɗan. Semek kaɗai ce a ƙauyen ba ta taɓa yarda ta zauna benci ɗaya da ita ba.

Direbobi uku suna cin abinci lokacin da ta iso. Ta zube a ƙasa gaban tukunya, jariri a ƙirji.

"Ranki ya daɗe, baiwarki ta zo neman gafara."

Tengku Embong ta leƙo ta saman tabarau, ludayi a hannu. "Semek? Tashi mana, kina tsorata mini masu ciniki. Wa ya mutu?"

"An shafa launinku a gidana, ranki ya daɗe. Ba da sanina ba, wallahi ba da sanina ba. Yaro ne ya yi, bai san komai ba. Ga shi abin ya faɗa kan jikana. Ki taimake ni ki sa ƙafarki a ruwa in ɗiga masa."

"Ƙafata? Wannan mai faso, da take cikin ruwan kifi tun asuba? Ke ko kunya."

Ɗaya daga cikin direbobin ya ƙyalƙyale da dariya. Semek ba ta ko ji shi ba. Ta buɗe zanen ta miƙa yaron sama da hannu biyu.

Tengku Embong ta ajiye ludayin. Ta zagayo, ta cire tabarau ta mayar, ta danna hancin yaron da yatsa ta saki, ta duba tafin ƙafarsa. Wasan ya bar fuskarta gaba ɗaya.

"Kwanansa nawa?"

"Biyar."

"Yana kama nono?"

"Tun jiya ya saki."

"Shawara ce, Semek. Na gan ta a jikan yayata, a gidan da kowane labule ruwan ɗorawa ne, kuma halalinsu ne, ba wanda ya isa ya ce sun yi shisshigi. Suka tsaya jiƙe-jiƙe. Yaron yana nan, shekararsa goma sha biyu, ba ya zama sai an tallafe shi. Tashi ki kai shi babban asibiti."

"Ruwan dai, ranki ya daɗe. Ko cokali ɗaya."

"Ba ni da ruwan da zan ba ki."

Semek ta kama ƙafarta da hannu ɗaya ta riƙe gam. Hawaye ya ɓalle mata. Shekara hamsin tana ɗauke da maganar ruwan nan da aka rasa, yau ga ƙafar a hannunta ana hana ta. Tengku Embong ta dube ta, ta dubi yaron, ta ga lallashi zai ci lokacin da babu. Sai ta miƙe tsaye sosai, ta gyara mayafi, ta yi wata murya da ba wanda ya taɓa ji a rumfar.

"Semek 'yar Jusoh. Kin yarda ni jinin sarauta ce?"

"Na yarda, ranki ya daɗe."

"Kin san abin da yake samun talakan da aka ba umarni ya ƙi?"

Semek ta saki ƙafar.

"To umarni na ba ki. Launin na yafe, ni da iyayena da kakannina. Amma in rana ta take yaron nan bai shiga hannun likita ba, ban yafe ba. Tashi." Ta juya kan direban da ya yi dariya. "Kai mai baki, wanke hannunka. Motar kifin can taka ce? Ka biya ta gidanta ka ɗauki uwar yaron, kada ka tsaya ko'ina."

Mutumin ya bar rabin shinkafarsa. Da suka isa gidan, Rokiah tana tsakar fili, gashi a jiƙe, zane a ƙirji, tana kiran sunan uwarta kamar mahaukaciya, Lijah tana ƙoƙarin mayar da ita sama. Ta zo da gudu za ta fizge ɗanta, bakinta cike da magana. Sai ta gan shi a hasken rana. Ta hau motar ba tare da an ce ta hau ba.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma Semek ba ta taɓa yin mai tsawonta ba. Ta sa yatsa a ƙarƙashin hancin yaron tun daga ƙauye har birni, ba ta cire ba. A asibiti wata likita, yarinya ƙarama da ba ta fi sa'ar Rokiah ba, ta dube shi sau ɗaya ta karɓe shi ta shige da sauri, ko takarda ba a tsaya cikewa ba. Aka ce sai an canza masa jini. Suka zauna a benci, uwa da 'ya, ba mai kallon wata.

La'asar ta wuce sannan likitar ta fito. Nordin ya riga ya iso, yana warin awaki, ya tsaya jikin bango nesa da su. Likitar ta ce yaron zai rayu. Ta ce da an kai gobe, da ba wannan maganar ake yi ba. Ta tambaya yaya aka yi ba a lura da wuri ba, Rokiah ta gaya mata yadda ɗakin yake, da tagogi a rufe. Likitar ta gyaɗa kai, ta ce a irin wannan ɗakin ko ita ba za ta gane ba, shi ya sa ake duba jariri a hasken rana. Sannan ta sassauta murya ta ce akwai abu ɗaya. Shawarar ta hau sosai, kuma in ta hau haka takan taɓa kunne. Yanzu ba za a iya sani ba, sai yaro ya warware ya koma gida, a lura ko yana jin ƙara.

Nordin ya zo ya durƙusa gaban Semek a tsakiyar mutane.

"Inna, ki yafe mini."

Ta dubi ƙeyarsa. Ta so ta ji haushinsa, ta nema ta rasa, tsoro bai bar wa haushi wuri ba.

"Tashi, Din. Haske ka so ka yi masa. Je ka nemo wa matarka abinci mai zafi, maijego ce."

Kwana tara yaron ya yi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido da ƙyalle. A can aka raɗa masa suna Hazim, awakin kuwa sai daga baya. Nordin ya riƙa komawa ƙauye kullum, ya bi bangon da farin fenti har shafi uku. Wasu a ƙauyen suka ce tulah ce, gafarar Tengku Embong ta ɗauke ta. Wasu suka ce ciwo ne kawai, likita ta warkar. Aka tambayi Semek, ta ce ita duk sunan da aka ba shi ta gode wa Allah, kuma ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Suka dawo gida, amma tsoron bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Yaron ya yi fari, yana kama nono, yana kallon fuska. Sai dai ba wanda ya san ko yana ji. Maimakon a gwada, sai gidan ya koma kamar gidan makoki. Rokiah tana magana da raɗa. Nordin yana kashe babur tun daga bakin hanya ya turo shi. In cokali ya faɗi a madafa sai kowa ya kawar da kai daga wurin yaron, don kada ya ga abin da ba ya so ya gani. Sati biyu suka yi a haka. Kowa ya san abin da ake gudu, ba wanda ya faɗa.

Wata rana bayan azahar Hazim yana barci a cikin zanen lilo da aka rataya a jikin azara. Rokiah tana ninke kaya, Nordin yana zaune a ƙasa yana ɓare kwakwa a hankali kamar ɓarawo. Semek ta fito daga madafa da babban tiren tagulla a hannu ɗaya, ludayin ƙarfe a ɗayan. Ta zagaya bayan lilon, inda yaron ba zai ga ko inuwarta ba.

"Inna," in ji Rokiah. "A bari ya ƙara kwana biyu."

"Kwana biyun me zai canza?"

Ta ɗaga ludayin. Hannun ya tsaya a sama ya ƙi saukowa. Tana ganin ɗan kunnensa ta gefen zanen, ƙarami, mai laushi, da gashi siriri a bakinsa. Muddin ba ta buga ba, jikanta yana ji. Ta tsaya har kafaɗarta ta fara ciwo. Rokiah ta cusa fuska a cikin rigar da take ninkewa. Nordin ya ajiye wuƙa, ya rufe ido.

Ta ce bismilla, ta buga.

Ƙarar ta cika gidan, kaji suka watse a ƙasa. Yaron ya zabura, hannaye biyu suka watsu, ya buɗe baki, sai da ya ja numfashi sannan ya tsala kukan da aka ji har gidan Lijah.

Tiren ya faɗi daga hannun Semek, ƙarar ta sa yaron ya ƙara ɓarkewa da kuka. Nordin ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Rokiah ta miƙe za ta ɗauki ɗanta, uwarta ta riƙe mata hannu.

"Bar shi," ta ce. "Bar shi ya ɗan ƙara."